Motar Samanja daga Ojo zuwa Birnin Kebbi: sharhi a kan kamfanin da ya ɗauko ta

Duk matar da ta zauna a bariki ta san cewa ranar da sigina, wato takardar canjin wurin aiki, ta fito, gida ba ya komawa yadda yake. Tamu ta fito ne a watan Oktoba, bayan maigidana ya shekara shida yana aiki a barikin Ojo da ke Legas, kuma wurin da aka tura shi shi ne Birnin Kebbi, ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato. Ni 'yar Argungu ce, saboda haka labarin ya faranta mini rai, domin tsakanin sabon wurin aikinsa da gidan iyayena tafiyar awa ɗaya ce. Sai dai soja yana tafiya ne lokacin da aka ce ya tafi, ko ya shirya ko bai shirya ba. Cikin mako guda ya ɗauki jakarsa ya kama hanya, ya bar ni da yara uku suna tsakiyar zangon karatu, da kayan ɗaki, da kuma mota ƙirar Toyota Sienna wadda muka shekara huɗu muna tara kuɗinta. Muka yanke shawarar zan zauna har yara su gama jarrabawa a watan Disamba, sannan mu biyo shi. Kayan ɗaki ba su dame ni ba, domin abin da aka saba ne a haɗa kuɗi a ɗauko babbar mota. Motarmu ce ta hana ni barci.

Zan bayyana yadda wani kamfanin ɗaukar motoci ya kawo ta Kebbi, da abin da ya yi daidai, da inda ya gaza. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin maganata akwai yabo akwai kuka, kuma ba na son a ɗauki kukan a matsayin ɓata suna. Na kuma lura cewa masu wannan sana'a kusan tsarinsu ɗaya ne, don haka abin da na gani zai amfani wadda za ta je wani kamfanin dabam.

Hanya mafi sauƙi a ido ita ce maigidan ya dawo ya tuƙa motarsa. Amma mutumin da bai yi wata biyu da kama aiki a sabon wuri ba, a jihar da sojoji suke yawan fita daji, ba zai buɗe baki ya nemi fas, wato izinin barin aiki na 'yan kwanaki, don ya je ɗauko mota ba, kuma ni ma ban so ya nema ba. Tafiyar ta haura kilomita 800, ta Ibadan da Ogbomoso da Ilori, a haye kogin Kwara a gadar Jebba, a bi Mokwa da Kontagora da Yawuri da Koko kafin a iso Jega. Jirgin ƙasa ba ya cikin lissafi, domin layin dogo bai taɓa shiga Kebbi ba, kuma na kusa da mu ya tsaya ne a Ƙauran Namoda a Zamfara. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 za ta rage wahala wata rana, amma ba a kanta za mu bi ba. Na yi tunanin ɗaukar direban haya, wanda ya nemi naira 120,000 ban da kuɗin mai, a lokacin da litar fetur ta kai naira 1,000 tun bayan cire tallafi a 2023. Abin da ya hana ni shi ne abin da ya faru da wata maƙwabciyata a layinmu, wadda direban da suka ɗauka ya cika motarsu da fasinja da buhuna daga tasha, ya isa da ita Kaduna ƙafafunta na baya sun zauna. Akwai kuma tirelolin da suke kai shanu kudu su dawo babu kaya, waɗanda suke karɓar mota a kan kusan rabin kuɗin kamfani. Na je na ga yadda suke loda ta a kan tudu da katako, suna tokare tayoyi da tsofaffin tayu, na ga cewa idan wani abu ya faru babu takardar da zan riƙe. Araha ba ta ado, sai na haƙura da su.

Kamfanin da na zaɓa yana da fili a kusa da kasuwar motoci ta Berger, a kan hanyar Apapa zuwa Oshodi, kuma mafi yawan cinikinsa da dillalan motoci ne masu aika kaya Kano da Kaduna da Sakkwato. Wani kofur da ke aiki da maigidana ne ya kai ni. Ofishin kwantena ce da aka yi wa taga, da tebur ɗaya da na'urar buga takarda, amma na ga tirelolinsu masu bene biyu a tsaye da idona, kuma wannan ya kwantar mini da hankali, domin an gargaɗe ni cewa da yawa daga masu talla a intanet 'yan kamasho ne waɗanda ba su da ko taya ɗaya. Manajan ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce kuɗin kai Sienna Birnin Kebbi naira 480,000 ne, a ba da 300,000 kafin alƙalami, a cika 180,000 idan mota ta sauka. Da na ce kuɗin ya yi yawa, sai ya yi mini bayanin da na gamsu da shi: litar man gas ta daɗe da haura naira 1,000, tirelar kuma tana tafiya arewa cike amma sau da yawa tana dawowa kusan wayam, saboda haka mai aika mota arewa yana biyan wani ɓangare na dawowar. Ya yi mini alƙawari biyu da bakinsa, cewa mota za ta isa cikin kwana huɗu, kuma za a sauke ta a ƙofar bariki. Duka biyun ba su cika ba, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba a rubuta a rasit ba.

Batun takardu shi ne wurin da kamfanin ya fara nuna cewa ya san aikinsa. Manajan bai karɓi kuɗina ba sai da ya ga takardar kwastan ta asali, da lasin mota, da takardar shaidar mallaka, da inshora, kuma ya tura yaronsa ya duba lambar shasi a jikin motar ya gwada ta da wadda ke rubuce. Dalilin wannan tsanani sananne ne ga duk ɗan Kebbi. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, jiharmu kuwa tana iyaka da Nijar ta wajen Kamba, tana kuma iyaka da Benin ta wajen Bagudo, don haka jami'an kwastan suna duba duk tirelar da ke ɗauke da motoci a wannan hanya da kyau. Tamu ta shigo ne ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can, takardunta kuma a cike suke. Matsalar da ta taso ita ce duk takardun da sunan maigidana suke, shi kuma a makon yana wani wuri da babu sabis ɗin waya. Kamfanin ya ce sai an kawo takardar izini da sa hannunsa da kwafin katin shaidarsa. Kwana uku na jira kafin ya samu inda zai hau tudu ya turo hoton takardar ta WhatsApp. Sun so ya haɗa da katin aikinsa na soja, na ce ba za a bar kwafin wannan kati a cikin kwantena a Legas ba, na ba su na katin ɗan ƙasa, kuma suka karɓa ba tare da musu ba. Ina ba duk iyalin soja shawara su sa maigida ya rubuta wannan takardar izini tun kafin ya bar gida, ranar da yake haɗa jakarsa.

A kan inshora kuwa ban samu gamsuwa ba har yau. Na tambayi manajan abin da zai faru idan tirela ta faɗi ko ta kama wuta, ya ce, "Hajiya, kada ki damu, muna da inshora." Na nemi in ga takardar, ya ce tana hannun mai kamfanin, kuma duk zuwan da na yi bayan nan amsar ba ta canza ba. Inshorar da ke kan motarmu ita ce ƙarama wadda doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma aikinta shi ne biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya. Ba ta biyan mai mota komai a kan motarsa, balle motar da ke ɗaure a bayan tirelar wani. Abin da ke kare mota a wannan hali inshora ce ta musamman ta kayan da ke kan hanya, wadda mai ɗaukar kaya ya kamata ya mallaka ya kuma nuna. Na ba da motar ne ina sane da cewa ban ga wannan takarda ba, domin lokaci ya ƙure mini, kuma ina ganin wannan shi ne babban gibin da ke cikin hulɗata da su.

Na kai motar filinsu ranar Litinin, da tunanin za ta tashi washegari. A nan ne na fahimci cewa kwana huɗun da aka faɗa mini ba a fara ƙirga shi sai tirela ta cika, kuma tirelar da ke ɗaukar motoci takwas ba ta tashi da biyar. Motocin Kano suna cika cikin kwana ɗaya ko biyu, amma hanyar Sakkwato ba ta da wannan ciniki. Kwana shida motarmu ta yi a filin tana shan rana da ƙura, ni kuma na riga na sayi tikitin bas na kuma sanar da ofishin gidaje ranar da zan miƙa makullin ɗaki, domin wani iyalin yana jiran shiga. Farar hula zai iya roƙon mai gida ya ƙara masa mako ɗaya, amma gidan bariki ba haka yake ba. Na yi ta kiran ofishin kullum ana ce mini gobe. Da manajan ya gaya mini tun farko cewa tashi ya dogara ne da cikar lodi, da na kai motar mako guda kafin nan, kuma da babu abin da zai ɓata mini rai. Dole na ɗaga tafiyata da kwana biyu, muka kwana a ɗakin Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, ni da yara, domin na ƙudura cewa ba zan bar Legas ba sai na ga an loda motar da idona.

Ranar lodi ce na haɗu da direban, dattijo mai furfura ɗan ƙasar Kontagora, wanda ya ce ya fi shekara ashirin yana bin wannan hanya. Idan akwai abin da zai sa in sake komawa wannan kamfani, to shi ne. Ya zagaya motar sau biyu bai ce komai ba, sannan ya tsaya a gaban gilashi ya nuna mini sitikar shiga bariki da ƙaramin tambarin soja da ke manne a kusurwa. Ya ce, "Hajiya, don Allah a cire waɗannan. Ni da yarona ne za mu kwana da motar nan a hanya, kuma akwai wuraren da ba a so a san ta soja ce." Jikina ya yi sanyi, domin na shekara goma sha biyu ina auren soja amma wannan bai zo mini a rai ba, kuma ofishin da ya ga motar kwana shida bai ce uffan ba. Muka samo ruwan zafi da reza muka kankare su. Ya sa na buɗe but da aljihun gaba, muka fitar da wata tsohuwar hular maigidana da rigar ruwa mai launin kaki da wasu takardun aiki da suka maƙale a ƙarƙashin kujera. Ya kuma roƙi magatakardan ya sake buga takardar lodi, domin a ta farko an rubuta muƙamin maigidana a gaban sunansa, an kuma rubuta sunan bariki a matsayin wurin saukewa. A sabuwar aka sa sunansa kawai da Birnin Kebbi.

Shi ne kuma ya hana ni cika motar da kaya. Na yi niyyar in zuba tukwane da buhun littattafan yara da ƙaramin janareta a baya, tunda Sienna tana da fili. Ya ce nauyi yana sa mota ta yi ta rawa a kan ɗauri, kaya a ciki suna jawo bincike a kowane shinge, kuma idan wani abu ya ɓace kamfani ba zai amsa ba domin mota ya karɓa. Ya ce a bar mai kaɗan a tanki, abin da zai isa hawa da sauka da tafiya zuwa gidan mai. Na roƙe shi ya sa tamu a bene na sama, ya ce tsawonta da nauyinta ba za su bari ba, saboda gadoji da wayoyin wuta da kuma daidaiton tirelar, don haka ta shiga ƙasa, a ƙarƙashin wata tsohuwar Honda. Na tsaya na ga an ɗaure kowace taya da bel an ƙara sarƙa a baya, an ja birkin hannu, an naɗe madubai.

Kamfanin yana da takardar duba lafiyar mota mai zanen mota a jiki, amma magatakardan ya so ya rubuta "lafiya" a ƙasa kawai ya ba ni in sa hannu. Na ƙi. Muka bi motar gaba da baya, aka yi alama a kan tsohon ƙarcen da ke ƙofar baya da ɗan lotsawar da ke kusa da fitila, aka rubuta safaya taya da jak da abin kwance taya da abin kashe gobara da rediyo, aka rubuta sunan batir da adadin kilomitan da mita ta nuna. Na ɗauki hotuna fiye da talatin da wayata, har da rufin motar da ƙarƙashin bamba, na kuma ɗauki bidiyo lokacin da take hawa. Magatakardan ya nuna gajiya, amma direban ya ce masa ya bar ni, wannan kariya ce gare shi shi ma. Na karɓi kwafi mai sa hannun mu uku. Takardun motar na asali na ba direban a cikin ambulan bayan na yi kwafinsu, domin kwastan ba sa karɓar kwafi a madadin na asali, makulli ɗaya kuma na riƙe a jakata.

Mu mun riga motar isa Kebbi da kwana uku. A tsawon tafiyar, ofishin bai kira ni ko sau ɗaya ba, kuma na'urar bin sawu da aka ce tirelar tana da ita ban ga amfaninta ba, domin duk lokacin da na tambaya sai a ce in kira direba. Direban kuwa kullum bayan sallar isha'i sai ya kira ya gaya mini inda suka kwana. Daren farko a Ogbomoso, na biyu a Mokwa bayan sun yi rabin yini suna gyaran taya biyu da ramukan hanya suka fasa. Ya gaya mini tun farko cewa daga Mokwa zuwa Yawuri ba ya tafiyar dare ko nawa za a ba shi, yana tashi bayan gari ya waye, ya tsaya kafin magariba a garin da manyan motoci suke taruwa. Wannan ya ƙara kwanaki, amma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya san halin tsaro a wannan yanki zai gode masa. Abin da na ga laifin kamfanin a kansa shi ne tsayuwar kwana ɗaya cur da suka yi a wani shingen bincike bayan Kontagora. Ɗaya daga cikin motocin wani dillali lambar da ke takardarta ba ta yi daidai da ta jikinta ba, jami'ai kuma suka yi aikinsu, suka tsayar da tirelar gaba ɗaya har aka warware. Tsananin da aka yi mini a ofis a kan takardu ashe ba a yi wa dillalin da ya saba kawo musu ciniki ba, kuma mu bakwai muka biya da lokacinmu.

A rana ta biyar da hantsi direban ya kira ya ce sun wuce Koko, in zo Jega in karɓi mota. Na ce masa an yi da ni za a kawo ta Birnin Kebbi. Ya ce, "Hajiya, wallahi ba a gaya mini haka ba. Sauran motoci bakwai na Sakkwato ne, kuma man da aka ba ni na miƙaƙƙiyar hanya ne." Wanda bai san ƙasar ba zai ga kamar abu kaɗan ne. Babbar hanyar da ta taso daga Legas tana wucewa ne ta Jega ta nufi Tambuwal da Sakkwato, Birnin Kebbi kuwa sai an ratse ta Kalgo, kuma shiga da fita da tirela mai bene biyu zai ci masa kusan rabin yini. Na kira manajan, ya fara cewa ai Jega ma Kebbi ce, daga baya ya ce in ƙara naira 40,000 a shigo da ita. Na ƙi, domin na riga na biya kuɗin Birnin Kebbi. Daga baya na gane cewa ko da an shigo, alƙawarin ƙofar bariki ba mai yiwuwa ba ne, domin masu gadin barikin Dukku na Birnin Kebbi ba za su bar tirelar farar hula ɗauke da motocin da ba a san masu su ba ta tsaya a bakin ƙofa tana sauke kaya ba, kuma daidai ne su hana. Manajan ya faɗi abin da zai sa in biya ne kawai, bai tsaya ya yi tunanin yadda bariki yake ba.

Maigidana yana bakin aiki, don haka ƙanensa ne ya raka ni, muka ɗauki bakanike ɗaya muka tafi Jega a motar haya. Muka iske tirelar a gefen hanya kusa da wani gidan mai. Motar ta yi fari fat da ƙurar hunturu har ba a gane launinta, kuma ta ƙi tashi, domin ƙararrawar ɓarayi ta yi ta kuka a hanya saboda girgiza har ta shanye batir. Da an cire kan batir bayan lodi da hakan bai faru ba, kuma wannan abu ne da ya kamata masu sana'ar su sani. Bakaniken ya haɗa waya da batirin wata mota ta tashi. Na sa aka kawo ruwa aka wanke ta a wurin kafin in sa hannu a kan komai, domin ƙura tana ɓoye ɓarna. Da ta bushe sai abu biyu suka fito. Ƙarƙashin bamba na gaba ya tsage a gefen dama, inda ya gogi ƙarfen hawa, kuma baƙin mai daga Hondar da ke sama ya ɗiga a kan rufin har ya ci fenti a wuri mai faɗin tafin hannu. Sauran abubuwa duk suna nan yadda aka rubuta su. Safaya taya da jak da rediyo ba a taɓa ba, batirin namu ne ba a musanya ba, mita kuma ta ƙaru da ƙasa da kilomita ɗaya, wanda ya tabbatar mini babu wanda ya sauke ta ya yi yawo da ita. Direban ya duba tsagewar, ya duba hoton da na ɗauka a Legas, ya rubuta da hannunsa a bayan takardar cewa a hanya abin ya faru, ya sa hannu. Ya miƙo mini ambulan ɗin takardu a cike yadda na ba shi.

Cikon naira 180,000 da ke hannuna shi ne ya sa aka saurare ni. Na tura wa manajan hotunan kafin lodi da na bayan sauka da rubutun direban, na ce zan cire kuɗin gyara da kuɗin motar da muka ɗauka zuwa Jega. Da farko ya ce tsagewar tsohuwa ce, da ya ga bidiyon sai ya bar wannan magana. Mai gyaran jikin mota a Birnin Kebbi ya yi mana kuɗin ɗinke bamba da fenti ta waya, naira 45,000. Bayan doguwar magana a waya, wadda ƙanen maigidana ya ƙarasa, muka daidaita a kan su bar naira 30,000, na tura musu 150,000 muna tsaye a Jega, domin direban ba zai iya tafiya ba sai ofis ya ce an biya, kuma ban so in riƙe dattijon da bai yi mini komai ba sai alheri. Na tambaye shi ko za a cire kuɗin daga albashinsa, ya ce yana fatan ba za a cire ba. Na sake kiran manajan na gaya masa cewa tsayin ƙarfen hawa da tsarin jera motoci ba laifin direba ba ne, kuma na rubuta masa haka a saƙo don ya zama shaida.

A ganina kuɗin da na biya bai tafi a banza ba. Motar ta iso injinta bai yi aikin kilomita 800 a kan ramuka ba, maigidana bai nemi alfarmar da za ta zubar masa da daraja a sabon wuri ba, kuma babu wani nawa da ya kwana a hanya a cikinta. Ta fuskar amana da kula da kayan mutane na ba su maki mai kyau, ta fuskar faɗin gaskiya a kan lokaci da wurin saukewa kuwa sun faɗi, kuma batun inshora yana nan a buɗe. Idan aka sake yi mana canji zan iya komawa wurinsu, amma sai an rubuta a rasit ranar tashi, da ainihin garin da za a sauke, da abin da za a rage idan aka saɓa, kuma sai na ga takardar inshorar kayan da ke kan hanya na karanta adadin da take biya. Zan kuma nemi a haɗa ni da wannan direban, ko da zan jira juyinsa.

Daga Jega ƙanen maigidana ne ya tuƙa, muka tsaya muka sha mai, muka bi ta Kalgo muka shiga Birnin Kebbi bayan la'asar. A ƙofar bariki sai da aka tsayar da mu aka kira maigidana ya aiko da wanda zai shigar da mu, tunda babu sitika a gilashi, kuma sai bayan mako biyu aka ba mu sabuwa. An ɗinke bamban ya koma kamar ba a taɓa ba. Tabon man da ke kan rufin kuwa mai fenti ya ce sai an fesa rufin gaba ɗaya kafin launin ya daidaita, kuma mun bar wannan sai bayan mun biya kuɗin makarantar yara na zango na biyu.